Rariyar Alhamis

Shekara arba'in da ɗaya ina jin kalmar nan a gidana, har ta fita raina. Dziura. A yarenmu rami ke nan, ko huda irin wadda ake samu a safa. A gidan wasan kręgle kuwa, idan mutum ya gara ƙwallo ta bi layi ta wuce ba ta kayar da ko ɗaya daga cikin 'yan taɓaren nan tara ba, to ya yi dziura, kuma duk wanda ke wurin sai ya buɗe maƙogwaro ya faɗa masa, kamar shi ba shi da ido. Da a can ta tsaya da sauƙi. Amma a garinmu kalmar ta daɗe da fitowa titi. Bas ta wuce ka, dziura. Ka je kanti ka tarar an rufe, dziura. Ɗan maƙwabta ya nemi aure an hana shi, ita ce dai. Mijina Hirek kuwa, ko cokali ne ya suɓuce min a kicin sai in ji muryarsa daga bayan jarida, cikin nishaɗi: “Dziura, Pela!” Sau nawa na yi niyyar jifansa da tukunya, Allah kaɗai ya sani, kuma da na jefa ɗin ba zan kuskure ba.

Duk ranar Alhamis da ƙarfe uku Hirek da abokansa suke haɗuwa, su takwas, tsofaffin ma'aikatan kamfanin sukarin da aka rufe. Gidan wasan yana bayan katangar kamfanin, layi biyu ne kacal, da murhun kwal guda, da allo a bango. Teofil, wanda ya shugabanci masu gyaran inji a zamanin aiki, shi ke riƙe da alli, duk dziura ya ja mata kara a gaban sunan mai ita. Suna da wata tsohuwar rariyar ƙarfe irin ta tsane taliya, duk ta lotse, wai daga kicin ɗin kamfanin aka ɗauko ta. Wanda ya fi kowa yawan kara a ranar, shi ke tafiya da ita gida. Ba a sa ta a jaka. A hannu za ka riƙe ta ka bi ta titin kasuwa, mai nama ya leƙo ya yi maka dariya, ka rataye ta a kicin ɗinka, Alhamis ta zagayo ka mayar da ita da kanka. Longin, tsohon direban kamfanin, shi ne uban ɗakin rariyar nan, har matarsa ta kafa mata ƙusa ta musamman. Hirek kuwa sau biyu tak ya taɓa kawo ta gidana: makon da aka haifi 'yarmu Iwona, da makon da aka rufe kamfani.

Mutum uku ne ba a yi wa ihun dziura: baƙo, da mace idan an bar ta ta gwada ranar biki, da Fada, limamin cocinmu, idan ya zo shi ma ya taɓa bayan Kirsimeti. Waɗannan in sun kuskure sai kowa ya duba agogonsa. Na san wannan doka sarai, ba zan ce ban sani ba.

A hunturun da Hirek ya cika saba'in da ɗaya hannunsa na dama ya fara rawa. Da farko kofin shayi ne ke kaɗawa a kan faranti, sai ya ce tebur ne ya gurgunce, ya naɗe takarda ya cusa a ƙarƙashin ƙafarsa. Daga baya muka je wurin likita a Leszno, ya sa shi ya yi tafiya, ya taɓa hanci, ya zana da'ira, sannan ya faɗi sunan ciwon, ya ce magani zai rage masa gudu amma ba zai tsayar da shi ba. A bas muna dawowa Hirek ya zauna a kan hannun, yana kallon gonakin da ƙanƙara ta rufe.

“Pela, kada kowa ya ji,” ya ce.

“Wa zan faɗa wa?”

“Ko Iwona. Ko Fada a wurin furta zunubi. Rantse.”

Na rantse masa, don in samu ya sauka daga kan hannun.

Daga nan ya fara janyewa daga abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Ya daina zuwa coci, wai benci ya cika sanyi, alhali littafin waƙa ne ke kaɗawa a hannunsa. Ya bar min ɗan lambunmu. Maɓallan riga suka gagare shi, ni nake ɓalla masa kowace safiya, yana kallon silin kamar ba jikinsa ake taɓawa ba. Gemu ma sai ranar Alhamis yake askewa. Wannan ranar kaɗai ta rage masa, ita ce ke tashe shi daga kujera. Ni kuwa na san kujera. Mahaifina ya zauna a tasa shekara shida yana fuskantar taga bayan ya daina fita, ni na yi jinyarsa har ya rasu, ina juya shi, ina share masa baki. Tsoro nake ji, tsoro na gaske, kuma na gaji tun kafin a fara. Na san idan Alhamis ta kuɓuce wa Hirek, kujerar nan ce za ta karɓe shi, ni kuma ba ni da sauran ƙarfin wata shekara shida.

Cikin watan Maris ina tsaye a taga na hango shi tafe da rariya. Hannun na rawa, ita kuma tana ta ƙwanƙwasar maɓallan kwat ɗinsa. Mai nama ya fito har bakin ƙofa yana buga wuƙa da wuƙa yana ihu. Wasu mata biyu suka tsaya suna dariya. Raina ya ɓaci ƙwarai. Mutumin da garin nan kaf ya sani da saiti, yau shi ake wa tafi a titi saboda ciwon da ba shi ya ɗora wa kansa ba?

Ya shigo yana masifa. “Shida, Pela! Shida! Longin har da rawa. Jakin nan da ko ƙofar gareji ba ya iya samu da babbar mota, wai yau shi ke koya min riƙon ƙwallo!”

Ya rataye ta, ya zauna, ya cinye dankali da cuku faranti biyu yana zagin Longin da iyayen Longin. Faranti biyu, mutumin da tun Kirsimeti nake fama da shi ya gama ɗaya. Ban lura da wannan ba sai daga baya, lokacin da lurar ba ta da amfani.

Washegari na ce zan je kemis, na zarce gidan Teofil. Na same shi a bayan gida cikin ɗakin tattabarunsa yana kankare kashi.

“A'a, Pani Pela! Lafiya? Ko rariyar ce ta yi miki kaɗan, kina son babba?” A wurinmu Pani ake ce wa mace don girmamawa, namiji kuma Pan.

“Pan Teofil, ba wasa ya kawo ni ba. Ku manya da ku, da furfurarku, ku taru a kan mutum ɗaya kuna ihu kamar yaran makaranta. Ba ku ga hannunsa ba ne?”

“Mun gani mana. Wa ya rage a cikinmu da ba abin da ke rawa a jikinsa? Ni gwiwa, Longin kai.”

“Nasa ba irin naku ba ne.”

Sai na faɗa masa duka, da sunan ciwon, da abin da likita ya ce. Ya ajiye abin kankarar, ya cire hula, ya mayar. Na ce ba na roƙon komai illa su sassauta masa, su daina ihun, kuma kada in sake ganin rariyar nan a hannunsa.

“Pani Pela,” ya ce a hankali, “anya kuwa? Hirek ne fa.”

“Ni nake zaune da shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.”

Ya ce to. Na dawo gida ina jin na yi abin kirki, har na saya wa kaina biredi mai zaƙi a hanya.

Alhamis ta gaba ya mayar da rariya, ya dawo hannu sake, na ce madalla. Na tambaye shi yaya wasa, ya ce lafiya. Ta biyu ma lafiya. Babu zagin Longin, babu labarin wanda ya kayar da tara, ya ci rabin faranti ya ture. A ta uku ya shigo, bai cire kwat ba ya jawo kujera ya hau, ya tura takalman wasansa can saman kabad inda muke ajiye kayan bishiyar Kirsimeti.

“Tsoho, sauko kafin ka karye! Me ke nan?”

Ya sauko ya zauna a kujerar da ya taka. “Bakwai na yi yau. Na ƙirga da kaina. Kin san abin da na ji? Ƙarar murhu. Ƙwallo ta wuce taɓarya da kamu guda, sai ga Longin yana duba agogo. Longin! Da na sake wata ya ce min, ‘Ba komai, Hirek, layin ne yau da santsi.’ Teofil kuma allinsa ya yi ta karyewa. Da aka tashi, uku na gani a gaban sunana. Longin ya yi huɗu, ya ɗauki rariya da sauri kamar za a ƙwace masa.”

“To ba shi ke nan ba? Ka huta da...”

“Sun mai da ni Fada, Pela.”

Na juya na buɗe famfo ina wanke kofin da na riga na wanke.

Alhamis biyu suka wuce bai je ba. Gemu ya fito fari fat, ya ƙi askewa. Ban ga lokacin da ya yi ba, amma wata safiya na tarar ya juya kujerar falo tana fuskantar taga. Na tsaya a bakin ƙofa riƙe da tire ina kallonsa. Iwona ta bugo waya daga ƙasar Ayalan, ya ce in ce mata yana barci. Ran nan da rana tulun madara ya suɓuce min ya tarwatse a tsakar kicin, na tsaya cikin madarar ina sauraro, ni da kaina, ina jiran kalmar da na tsana. Daga falo ba abin da ya fito. Garin neman gira na rasa ido, kuma ba wanda zan ɗora wa.

Na koma wurin Teofil na ce su bar abin da na roƙa, su koma yadda suke.

“Mun gwada, Pani Pela,” ya ce. “A makon ƙarshen nan na ce wa Longin, kai, yau ka faɗa masa. Ya buɗe baki, ya kalli hannun, ya rufe. Ni ma haka. Da ba mu sani ba, hannun tsoho muke gani. Yanzu kuwa in na ɗaga alli sai in ga likita tsaye a bayansa. Abin da kunne ya ji ai ba a mayar da shi.”

“Wato maza bakwai, ba mai bakin faɗar kalma ɗaya?”

“Ke kika ɗinke bakin.”

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ji haushinsa har gida.

Da yamma na kai wa Hirek shayi, na cika shi rabi yadda ba zai zube ba, na tsaya tsakaninsa da taga.

“Ni ce na faɗa wa Teofil.”

“Na sani.”

“Ka sani?”

“Kin ce kemis za ki, kin dawo da gashin tattabara a kafaɗa. Kemis ɗin garin nan ba ya kiwo.”

“Mako biyar ka sani, ba ka ce min komai ba? Na karya rantsuwa, Hirek. Ka yi faɗa mana! Ka zage ni yadda kake zagin Longin!”

Ya kalli kofin yana kaɗawa a hannunsa. “In yi faɗa da wa? Da wadda ke ɓalla min maɓalli? Gobe da safe kuma in miƙa miki wuya?” Ya kurɓa. “Ba komai, Pela. Alheri kika nufa.”

Wannan “ba komai” ɗin ta fi min mari ciwo. Shekara arba'in da ɗaya muna cacar baki da mutumin nan, a kan gishiri, a kan siyasa, a kan wa ya bar fitila a kunne, ban taɓa sanin ita ce ke riƙe da gidan ba sai da ya fara yi min ladabi. Na koma kicin na zauna. Kuka ma na rasa ƙarfinsa.

Ranar Alhamis ya ce zai je ya mayar da makullin lokarsa ta ajiyar kaya a gidan wasan, ya kwaso tawul da kofinsa, don ba ya son a ce ya riƙe kayan ƙungiya. Na ce zan raka shi, hanyar kasuwa ce, ina da sayayya. Yana banɗaki na hau kujera na sauko da takalman, na cusa su a ƙasan jakar cefane na rufe da kabeji.

Rabona da shiga gidan wasan nan tun bikin cikar Hirek sittin. Warin bai canza ba, kwal da man goge katako da safar tsofaffi. Suna ganinsa suka miƙe gaba ɗaya, suka yi ta gaishe shi da murya ƙasa-ƙasa kamar a asibiti. Longin ya jawo masa kujera kusa da murhu. Rariyar na rataye a ƙusarta kusa da allo. Hirek ya ajiye makulli a tebur.

“Haba, Hirek,” in ji Teofil. “Haka kawai? Ko jifa sittin na ban kwana ba za ka gara ba?”

“Ban zo da takalma ba.”

Na ɗaga kabeji na fito da su na ajiye a kan benci. Ya kalle su, ya kalle ni. Ganyen kabeji ya maƙale a igiyar ɗaya.

“Sittin,” ya ce. “Daga nan kowa ya kama gabansa.”

Na ɗaura masa igiyar takalman a gabansu, ba wanda ya kalle mu, kowa ya sami abin yi a aljihunsa. Na koma bencin baya na rungume jakata.

Jifa goma sha biyar na farko ba laifi, don a waɗannan kowane jifa inji na sake tsayar da taɓaren tara cif, ko makaho ya gara sai ya taɓa wani abu. Da ƙwallon a hannunsa rawar takan lafa, nauyin na danne ta. Ya kayar da shida, da biyar, da bakwai, suna ta cewa “Madalla, Hirek, madalla,” ko a kan huɗu, abin da da can sai sun tambaye shi ko barci yake. Sai aka shiga kashi na biyu, inda ba a tsayar da sababbi sai ka share waɗanda suka rage. A nan ake sanin mai saiti. Ya gara, shida suka faɗi. Ya sake, biyu suka bi su. Saura guda, can a kusurwar hagu, tsaye ita kaɗai.

Ya goge tafinsa da tawul, ya ɗauki ƙwallo, ya yi taku uku ya sunkuya. Daidai sakin, hannun ya fizge. Ƙwallon ta tafi tana gurnani a kan katako, ta wuce taɓaryar da tazarar da kare zai bi, ta daki bangon baya.

Sai na ji abin da ya faɗa min. Murhu na ƙara. Longin ya ɗaga hannun riga yana duba agogo. Wani ya yi tari. Teofil na tsaye gaban allo, alli a hannu, hannun a ƙasa. Hirek bai juyo ba. Yana nan a sunkuye kaɗan, na ga bayan wuyansa, inda na yi masa aski ya karkace, na ga kafaɗunsa suna sauka.

Ban yi shawara da kaina ba. Muryar ma da ta fito ba tawa ba ce, siririya, a tsage kamar ta kaza.

“Dziura!”

Duk suka waiwayo. Longin ya saki baki.

“Pani Pela,” Teofil ya ce, “ai mata ba sa...”

“Na ce dziura! Ko ba ita ba ce? Ku bakwai ba wanda ya gani? Ja masa kara, Pan Teofil, ko ka ba ni allin in ja da kaina. Na ga wai karyewa yake a hannunka.”

Hirek ya miƙe ya juyo a hankali. Fuskarsa ta yi ja har kunne, rabon da in ga wannan jan tun kafin Kirsimeti.

“Ke!” ya ce. “Ke tsohuwa, wa ya sa bakinki? Me kika sani a ciki? Shekara arba'in ko ƙwallo ba ki taɓa ɗagawa ba, sai ƙorafin wari!”

“Ba sai na ɗaga ba. Abin da ka yi ko daga kan titi an gani. Da kanti ne a wurin da ka wuce shi.”

“Layin ne da santsi!”

“Layin lafiyarsa lau,” in ji Longin, kamar maganar ta kuɓuce masa. Ya rufe baki da hannu, sai dariya ta ƙwace ta hanci. “Na rantse, Hirek, ni da kaina da na samu wannan. Ni!”

“Kai? Kai da ka shiga da babbar mota cikin ɗakin mai gadi?”

“Hazo ake ran nan!”

“Watan Yuli, da tsakar rana!”

Teofil ya juya ga allo. Na ji ƙarar alli, kara ɗaya, doguwa. Yana ja yana share ido da bayan hannu, amma ya ja.

Hirek ya fizgi wata ƙwallon yana huci, ya gara da fushi, ta wuce ta ɗaya gefen. Wannan karon ban samu na buɗe baki ba. Su bakwai suka kwashe da ita gaba ɗaya, har gilashin taga ya amsa, wani na buga benci, Longin ya miƙe yana 'yar rawarsa ta banza. A jifa na uku ya same ta, ta faɗi tana juyi, ya waiwayo ya nuna ni da yatsa mai rawa.

“Wannan fa? Kin makance?”

“Sau uku kafin ka samu guda. Ba na tafi a kan wannan.”

Da aka tashi, kara goma sha ɗaya ne a gaban sunansa. Tun da aka rataye allon nan, in ji Teofil, ba a taɓa ganin haka ba sai ranar da Longin ya zo da tabarau ɗin matarsa. Longin ya sauke rariya daga ƙusa, ya goge ta da hannun rigarsa, ya miƙa da hannu biyu yana rusunawa. Hirek ya karɓa ya zage shi. Makullin lokar na nan a kan tebur, na ga lokacin da ya share shi zuwa aljihu, na yi kamar ina gyara kabeji.

Muka biyo titin kasuwa, shi a gaba ni a baya. Hannun ya gaji, rawar ta ƙaru sosai, rariyar na ta kaɗawa tana dukan maɓallansa, ana ji daga nesa. Sau biyu hannuna ya miƙa da kansa zai karɓa masa, sau biyu na mayar da shi kan jakata. Mai nama ya fito da wuƙaƙensa yana kiran Hirek da cikakken sunansa.

“Pan Hieronim! Nawa yau?”

“Goma sha ɗaya! Koma ka auna ƙashi ka ce nama ne!”

Ban yi murna ba, kada in yi ƙarya. Ƙafafuna na ciwo, jakar ta yi nauyi, kuma na san abin da likita ya faɗa yana nan, goma sha ɗayan nan za ta zama ashirin, wata rana ƙwallon ma ba za ta ɗagu ba. Kujerar na jiranmu a falo, ba inda ta je.

A gida ya yi ta fama da ƙusa, rariyar na zamewa, sai a karo na huɗu ta ratayu. Na matso zan ɓalle masa kwat, ya miƙa wuya yana kallon silin, haƙoransa a cije.

“Kin karya rantsuwa,” ya ce. “Kin tona min asiri wurin mai tattabaru. Yau kuma kin kunyata ni gaban mutane. Kada ki yi min magana.”

“To.”

“Ba wasa nake ba.”

“Na ji, tsoho. Ɗaga haɓa.”

Ya cika alkawari kuwa. Kwana shida bai ce min uffan ba, gishiri ma da yatsa yake nunawa, in na wuce ya juya jarida da ƙarfi. Na sha wuyar gaba a zaman aurena, amma ban taɓa jin daɗinta ba sai wannan karon.

Ranar Alhamis da hantsi ina fere dankali a ƙarƙashin rariyar, sai na ji famfon banɗaki na zuba, na ji shi yana zagin reza. Can wani abu ya faɗi ya yi ƙara a kan tayil, burushin sabulu ne ko kofin, ban sani ba. Aka yi shiru a banɗakin, irin shirun mai jira.

Na ajiye wuƙa, na goge hannu, na ɗaga murya yadda zai ji, na faɗa masa kalmar nan.